A Bakin Aurenki

"Kin taka banki, Mero," na ce. "Ɗauke ƙafarki kafin kuɗin jama'a su zube."

Yaran suka bushe da dariya. Mero ta yi tsalle gefe guda, ta dira a tsakiyar ofishin 'yan sanda, aka sake kwashewa da wata dariyar. Gari guda na zana musu da alli a simintin barandar gidanmu na haya a Agege, cikin Legas. Ga kasuwa, ga tasha, ga gidan waya, ga asibiti, ga gada, kowanne da sunansa na Turanci a rubuce, titunan kuwa faɗinsu bai wuce tafin ƙafa ba. Yara goma sha ɗaya nake koyarwa bayan la'asar, duk 'ya'yan maƙwabta, idan na dawo daga firamaren da nake aiki a Abule Egba. A Agege aka haife ni. Yarabanci na sha shi tare da nono, Turanci kuma na samo shi a kwalejin horon malamai, shi ya sa duk layinmu Malama Nuriyya ake ce mini, har da tsofaffin da suka san ni ina yawo da majina.

A wannan makon muna kan ƙananan kalmomin nan ne da Bature yake jinginawa kafin ya faɗi aiki. Na ce musu a Turanci "can" iyawa ce, "may" neman izini, "must" dole, "should" kuwa shawara ce, irin wadda ake ba mutum ya ce to, ya tafi ya yi abin da ya ga dama. Wasan kuma mai sauƙi ne: yaro ɗaya ya zama baƙo, ɗaya ɗan gari, baƙo ya tambayi hanya, ɗan gari ya kwatanta masa.

Mero ta gyara ɗankwalinta, ta rusuna kamar a gaban suruka. "Please, can you show me the way to the market?"

Abokiyar wasanta ta yi ta sosa ƙeya. Mero ta gaji da jira ta ba kanta amsa: "You must cross the bridge. You should turn left."

"To uwar iya, ke ce baƙuwa, ke ce 'yar gari?" na ce. "Mu sai mu tattara mu tafi gida."

Shekarunta goma, uku daga ciki a Legas. Ban taɓa koyar da yarinya mai kama abu kamarta ba, kuma ba zan ɓoye ba, na fi sonta a kan sauran, duk da malami bai kamata ya faɗi haka ba.

Uwarta Kyauta tana zaune a ƙofar ɗakinsu, rabin jikinta a bayan labule, jaririnta Uwaisu a cinya. Kullum nan take zama har mu tashi. Ba ta cewa komai, amma idan yara suna maimaita kalma sai in ga leɓenta yana motsi. Ranar da na kama ta tana yi, na ce ta matso in ba ta allo, sai ta rufe fuska da tafin hannu.

"Malama, me zan yi da sunayen gari?" ta ce. "Ni da garina ya ƙare a wancan ƙyauren."

Ta nuna ƙofar gida da haɓa. Da dariya ta faɗa, ni ma na taya ta.

* * *

Duk gidan an san labarin ƙyauren. Mijin Kyauta, Shitu, direban babbar mota ne, yana ɗauko tumatir da albasa daga Arewa ya sauke a kasuwar Mile 12, ya kwana biyu ya sake juyawa. A ƙarshen shekarar 1999, ranar da rikici ya tashi a Ketu, yankin da kasuwar take, yana can yana sauke kaya. Labari ya iso Agege iri-iri, kowane ya fi na baya muni. Kyauta tana da cikin wata takwas. Da ta ji an ce an ƙone motoci, sai ta yafa mayafi ta fita nemansa, ita da ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, ba ta ma san Ketu gabas take ko yamma ba. Ta ɓace a cikin gari wuni guda. Shi kuma ya tsallake rijiya da baya, ya iso gida da ƙafa, takalmi ɗaya, ya tarar ba ta nan. Dab da magariba wata Bayarabiya mai sayar da burodi ta rako ta har ƙofa, ƙafafunta sun kumbura suntum.

A gabanmu Shitu ya faɗa mata, idonsa jajur. "Idan kika sake taka ƙofar gidan nan ba da izinina ba, a bakin aurenki. Igiya ukun duka."

Bayan nan bai sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba. Ta haihu a ɗaki, a hannun Hajo, tsohuwar da take ɗakin ƙurya tana dafa wa 'ya'yanta masu dako abinci. Cefane Mero take yi, ruwa 'yan garuwa suke kawowa. Wata takwas Kyauta tana jin kukan jirgin ƙasa safe da yamma ba ta gan shi ba.

Kada a ɗauka Shitu mugu ne. Ba ya duka, ba ya zagi, duk dawowa sai ya raba wa ɗakuna albasa, kuma ba ya tafiya sai ya bar mata abin da zai ishe su. Shi ne ma ya kawo mini Mero da kansa, ya ce yana so ta san gari, kada ta tashi kamar makauniya a cikin masu ido.

Na taɓa ce wa Kyauta, "Ki roƙe shi mana ya janye. Ko ya ce miki asibiti da gidan rasuwa ba sa ciki."

"Da wane bakin?" ta ce. "Sai ya ce yawo nake so."

Mace ce mai kunya irin ta mutanen ƙauyensu na wajen Kazaure. Sunan mijinta ba ya fita daga bakinta, Mero ma da yake 'yar fari ce "yarinyar nan" take ce mata. Idan Shitu yana ɗaki muryarta ba ta wuce labule. Na ce to bari zan sa maigidana ya yi masa magana, namiji da namiji. Na faɗa da niyyar yi. Sai dai maigidana yana fita kasuwar Idumota tun asuba, Shitu kuma yau yana nan gobe yana Funtuwa, ni kuma ga makaranta ga girki. Maganar ta bi ruwa. Har tsokanarta nake yi, in zan fita in ce, "Matar kulle, me za a sayo miki a duniya?"

* * *

Cikin damina ne, watan Yuli. Ran Talata da yamma muna tsakiyar darasi na lura Kyauta ba ta fito ba. Da muka tashi na leƙa. Uwaisu yana kwance a kan zani, ta canza masa tsumma ya fi a ƙirga, ga kwano a gefe saboda amai.

"Haƙori ne," in ji Hajo, tana dama jiƙo a moɗa. "Na raini tara, na san zawon haƙori in na gan shi."

Na taɓa goshinsa, da ɗan zafi. Ya kama yatsana, har ya yi mini ɗan murmushi. Na nuna wa Kyauta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, na ce ta yi ta ba shi da cokali, gobe in na dawo daga makaranta idan bai tsaya ba, zan kai shi asibiti da kaina. Shitu ya kwana uku da tafiya. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, mai son aika wa direba saƙo sai ya je Mile 12 ya nemi motar da za ta bi hanyarsa.

Gobe in na dawo. Na sha juya waɗannan kalmomi a raina, kuma har yau ban yafe wa kaina su ba. Da safe na ji kukansa ta bango, siriri, na tsaya da jaka a hannu, sai na tuna hedimasta ya yi mini kashedi a kan makara. Na wuce.

Abin da ya biyo baya daga bakin Mero na ji shi, wani kuma daga Hajo.

Wajen ƙarfe tara yaron ya daina kuka. Ya ƙi nono, duk abin da aka ɗura masa sai ya dawo, idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa. Gidan ba kowa. Maza sun fita nema, matan Yarabawa suna kasuwa, sai Hajo da gwiwoyinta da ba sa kai ta ko bakin titi. Kyauta ta hana Mero tafiya makaranta. Ta goya mata ƙanenta, ta ɗaure da majanyi biyu, ta kwance bakin zaninta ta damƙa mata duk abin da ke ciki.

"Kin ce kin iya maganarsu," ta ce. "Je ki asibiti ki yi."

Mero ta tafi. Ta san hanya, ta karanta allon da ke bakin ƙofar, ta gane inda ake yankar kati, ta yanka. Ta bi layi a kan benci cikin manyan mata, ba wanda ya ce mata ci kanki. Da aka zo kanta ta rusuna wa nas ɗin, ta jero abin da ta yi ta maimaitawa a hanya.

"Please, ma, can you help me? My brother is sick."

Nas ɗaya ce a kan mutum ya fi hamsin. Ba zan ce muguwa ba ce, don ta tsaya ta duba. Ta ja fatar cikin yaron, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta ce wannan sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin ruwa, ina uwarsa? Mero ta ce tana gida. Nas ta ce ba sa kwantar da jariri sai da babba wanda zai sa hannu ya zauna da shi.

"Your mother must come."

"She cannot come, ma."

"Is she sick?"

"No, ma."

Nas ta yi tsaki, ta faɗi wata magana da Yarabanci a kan Hausawa, matan benci suka girgiza kai. Mero ta ce to za ta bar shi a nan ta je ta kira ta. Nas ta ce a'a, an sha ajiye musu jarirai a gudu, ta tafi da shi ta dawo da uwar, kuma ta yi sauri. Mero ta nemi kalmar da za ta bayyana dalilin da ya hana uwa mai ƙafa biyu zuwa, ta duba duk abin da na koya mata, ba ta samu ba. Ta gyara goyonta ta fito.

* * *

Hajo ta ce tun da Mero ta fita Kyauta take tsaye a soro, bayan ƙyaure. Da ta ga yarinyar ta dawo da goyo, sai ta dafa bango.

"Sun ce dole ki zo," in ji Mero. "Sun ce ki yi sauri."

Kyauta ta koma ɗaki da gudu ta ɗauko mayafi. Ta karɓi yaron ta rungume, ta buɗe ƙyauren, ta ɗora ƙafa a kan dokin ƙofa. Mero ta riga ta fita, tana jan gefen zaninta.

"Kyauta," Hajo ta kira ta daga baya. Ta rarrafo har soro tana dafa bango. "Ki san abin da kike yi. Saki uku in ya faɗi ba mai ɗaga shi. A gabana ya faɗa, a gaban kowa ya faɗa. Kina sauke ƙafar nan kin zama ba matarsa ba."

"Iya, dubi idonsa."

"Na gani. Rai na Allah ne, in da kwana sai ya tashi, asibiti ba ta ba da rai. Amma ki yi tunani. In ya dawo ya tarar aure ya mutu, wa zai bar miki 'ya'ya? Mota zai sa ki ki koma ƙauye ke kaɗai. Wannan ki rasa shi, waccan ma ki rasa ta. Uwarki ta rasu, ubanki ya rasu, ɗakin wa za ki shiga?"

Ba don mugunta Hajo ta faɗa ba. Ita ma haka aka raba ta da 'ya'yanta uku na fari, ba ta sake ganinsu ba sai da gemunsu. Abin da ta sani ta faɗa, kuma a iya saninta ceton Kyauta take yi.

Kyauta ta daɗe a tsaye, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. 'Yan acaɓa, waɗanda ake kira okada a Legas, suna wucewa, mai gwanjo ya wuce yana kiran kaya, ba wanda ya san abin da ake ciki. Mero tana kuka tana ja. Daga ƙarshe uwar ta janye ƙafarta. Ta durƙusa ta sake goya wa Mero yaron, sai da majanyin ya kwance sau biyu kafin ya ɗauru.

"Ki koma," ta ce. "Ki ce musu ni na aiko ki. Ki ce na yarda da duk abin da za su yi. Ki roƙe su da Allah, ai sun san Allah."

Mero ta koma. Hadari ya haɗu, aka soma yayyafi. Wannan karon ko wurin nas ɗin ba ta kai ba, mai gadin ƙofar ɗakin ya gane ta, ya tambaye ta ina uwar, ya nuna mata hanyar fita. Ba ta koma gida ba, don ta san abin da za ta tarar. Sai ta wuce inda danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Abule Egba, yake sauke mu, ta raɓe ƙarƙashin rumfar wani mai faci, ta lulluɓe kan ƙanenta da ɗankwalinta, tana duba duk motar da ta tsaya.

Ƙarfe ɗaya da rabi nake sauka kullum. Ranar ruwa ya cika titi, wata tanka ta maƙale, ban iso ba sai uku saura. Ina sauko da ƙafa na ji an riƙe mini jaka.

"Malama, na faɗa daidai," ta ce. Haƙoranta suna haɗuwa don sanyi. "Wallahi ban yi kuskure ba. Yadda kika koya mana haka na faɗa."

Na kwance goyon. Yaron da na sani mai kumatu, na ɗauke shi kamar na ɗauki ƙunshin tsumma. Na cire takalmi na ruga, Mero tana bina. Na shiga ina faɗa da Yarabanci da Turanci a haɗe, na sa hannu a duk takardar da aka miƙo mini, na ce ni ce uwarsa. Nan da nan aka ba shi gado. Likita ya nemi jijiya a hannu bai samu ba, ya nema a ƙafa, ya aske gefen kansa ya nema a nan. Yana cikin nema ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni me muke jira tun safe.

Rai ya riga ya yi halinsa. Ana kiran la'asar na fito da Uwaisu a naɗe cikin mayafina.

Kyauta tana nan a soro inda Mero ta bar ta. Ta ga yadda na riƙo shi, ta gane. Ba ta yi ihu ba. Ta miƙo hannu biyu daga ciki, ta jira sai da na ƙetare dokin ƙofa sannan ta karɓa.

* * *

Maigidana da mazan layi suka kai shi makwancinsa kafin magariba. Aka ba wani direba saƙo. Shitu bai iso ba sai ran Lahadi da hantsi, saƙon ya same shi a Zariya.

Ya zauna a kan tabarma a baranda, a ƙofar ɗakinsa, maza suka yi masa gaisuwa suka watse. Ya rage daga shi sai mu matan gida. Ya rame, gemunsa duk ƙura. Ya jawo Mero ya zaunar kusa da shi, ya sa ta ba shi labari tun daga farko. Tana faɗa yana share ido da hularsa. Da ta zo inda nas ta ce sai uwa ta zo, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ke kaɗai kika je?" Ya juya wajen labule. "Ke kina ina?"

Ya ƙara ɗaga murya.

"Da ke nake. Ba ki da lafiya ne ranar?"

Labulen bai motsa ba. Hajo ce ta amsa, da muryar mai kawo albishir a cikin baƙin ciki. "Ai ka gode wa Allah, Shitu, ka sami mace. Maganarka ta riƙe. Har ta ɗora ƙafa a ƙofa, ta tuna, ta janye. Aurenku yana nan daram."

"Wace magana?"

Na dubi fuskarsa ina neman alamar wasa ko borin kunya. Babu. Da gaske yake tambaya.

"Ta ranar rikici mana," in ji Hajo. "Da ka ce in ta taka ƙofa a bakin aurenta."

Ya dubi ƙasa, yana lalube a cikin kansa kamar mai neman makulli a aljihu. Sai na ga ya tuno. Bakinsa ya buɗe.

"Wannan? Ai don tarzoma na faɗa. Gari yana cin wuta, ga ta da tsohon ciki. Kwanakin nan kawai nake nufi." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wallahi na manta na ma faɗa. Ni na ɗauka ita ce ba ta son fita. Har cika baki nake yi a tasha, ina cewa tawa ba ta san hanyar kasuwa ba." Ya juya ga labulen. "Wata takwas? Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Ni da na yi alkawarin sa a tambaye shi, na sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci da shi, ya ɓaci da Hajo, ya ɓaci da nas, amma wadda na fi jin haushi tana zaune a cikin rigata.

Labulen ya ɗaga. Kyauta ta fito da mayafinta a kai. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ban taɓa jin ta yi wa mijinta magana a gaban mutane ba sai ranar, kuma ba ta rusuna ba.

"Yanzu in fita?"

"Ki fita mana," ya ce. "Ki je duk inda kike so. Na janye, ku shaida na janye."

Ta juyo gare ni. "Malama, zo ki nuna mini wurin."

Na ce ta bari sai ta ƙara jin ƙarfi. Ta ce yanzu. Na ɗauko mayafi.

Ta ƙetare dokin ƙofa ba ta ko dube shi ba. Rana ta dallare mata ido, ta kare da hannu. Muka bi layi, muka wuce mai shayi, muka wuce kemis, muka tsallaka kwata a kan katako. Tana tafiya a hankali kamar wadda ta tashi daga jinya, tana raɓewa duk lokacin da okada ya yi ham. Muka tsallaka titi, muka karya kwana ɗaya. Na tsaya.

"Me ya faru?" ta ce. "Kin gaji?"

"Mun iso."

Ta dubi ginin, da fentinsa da ya koɗe, da matan da suke shiga da goyo suna fita. Sannan ta juya ta dubi hanyar da muka biyo. Daga inda muke ana hango tankin ruwan gidanmu, baƙi, a saman rufin, har da zanin wata da aka shanya a kusa da shi.

Ta zauna a bakin kwalbati. Na zauna kusa da ita. Daga cikin asibitin wani jariri ya tsala kuka, lafiyayyen kuka mai ƙarfi. Na ga gaban rigarta ya soma jiƙewa, ɓangare biyu, yana faɗaɗa. Ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta, idonta yana kan tankin.

"Ashe nan ne," ta ce.